Kama gidan haya a Gombe bayan dawowa daga ƙasar waje, alhali ba ka da tarihin bashi a gida

Wanda ya zauna a Ingila ko Amurka ya saba da tsarin da kafin a ba shi makullin gida sai an duba makin bashinsa a wurin kamfanoni irin su Experian da Equifax. Wanda ya zauna a Saudiyya ya san SIMAH, hukumar tarihin bashi ta ƙasar, ya kuma san yarjejeniyar haya da ake yi wa rajista a Ejar. Duk waɗannan a can suke tsayawa, ba sa biyo mutum cikin jirgi. Ranar da ka sauka gida, shekarun da ka yi kana biyan haya a kan kari ba su rubuce a ko'ina a Nijeriya.

Mu ma muna da hukumomin tattara tarihin bashi, wato CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry, kuma dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ce ke tafiyar da su. Amma bankuna da masu ba da rance ne ke amfani da su. Da wuya ka ga mai gida a Tunfure ko Pantami ya nemi rahotonsu. Tambayoyinsa uku ne: kai ɗan wane ne, me kake yi, wa zai tsaya maka. A wurinsa tarihinka yana bakin mutane, kuma nan ne wanda ya daɗe a waje yake da giɓi, domin waɗanda suka san halinsa na shekarun baya-bayan nan suna wata ƙasa. Aikin da ke gabanka shi ne cike wannan giɓi, da takarda da kuma mutum.

Mataki na farko: kafin ka baro can

Akwai takardun da samunsu yana da sauƙi kana ƙasar, amma da ka taso sun zama wahala. Ka nemi wasiƙa daga mai gidan da kake ciki ko kamfanin da ke kula da gidan, wadda ta faɗi ranar da ka shiga, da ranar fita, da cewa ba a bin ka ko sisi, ɗauke da lambar waya ko imel. Ka sauke bayanan asusun bankinka na wata shida zuwa goma sha biyu kafin ka rufe asusun ko layin wayar da lambar sirri ke shigowa ta kansa ya mutu. Ka haɗa da takardar aiki ko ta kammala karatu. Idan da Larabci suke ko wani harshe, a fassara su zuwa Turanci.

Mai gida irin na gargajiya ba zai karanta su ba. Amfaninsu yana fitowa ne a gidajen da lauya ko ofishin dillancin gidaje ke kula da su, irin na GRA da rukunin gidaje na zamani, da kuma lokacin da kake roƙon a bar ka ka biya kashi biyu.

Kada ka tura wa kowa kuɗin haya kana can saboda hoto ko bidiyo. Gani ya kori ji. Ko ɗan'uwanka ne ya gano gidan, abin da ya yi masa ba lalle ya yi maka ba. Ka shirya masauki na mako uku zuwa shida, a gidanku ko a wani wuri na wucin gadi, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. Wanda yake gaggawar fita daga otal shi ne yake kama gidan da bai duba ba.

Mataki na biyu: layi, NIN, BVN da asusu

Jerin yana da muhimmanci, domin kowanne yana jingine da na gabansa. Layin wayar da ka bari shekaru ana iya riga an sayar wa wani, kuma idan shi ne a jikin BVN ɗinka, wato lambar tantance mai asusun banki, saƙonnin bankinka wayar baƙo suke shiga. Ka fara da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, daga hukumar NIMC, sannan sabon layi da aka haɗa da NIN ɗin, sannan ka je banki da kanka a sauya lambar da ke jikin BVN. Idan ka taɓa yin BVN tun da aka fara shi a 2014, kada ka yi na biyu, guda ɗaya ake yi wa mutum. Wanda bai taɓa yi ba yana iya yinsa tun yana waje ta tsarin NRBVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2025.

Ka duba yadda aka jera sunanka a fasfo, da NIN, da BVN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari a wata takarda sunan kaka a wata, ya isa ya riƙe ka makonni.

Tsohon asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ya zama matacce, sai an farfaɗo da shi a reshe. Sabon asusu kuwa, idan na matakin farko ne, ba ya riƙe fiye da naira 300,000, ba zai ɗauki kuɗin hayar shekara na gidan kirki ba. Kana bukatar asusu na mataki na uku, shi kuma yana neman shaidar adireshi, ga shi ba ka kama gida ba tukuna. Mafita ita ce adireshin gidanku ko na wanda ka sauka wurinsa, tare da takardar wutar gidan, ka kuma sanar da mutanen gidan cewa ma'aikacin banki zai iya zuwa tabbatarwa. Tun a nan ka sa a ɗaga maka iyakar abin da za ka iya turawa a rana, kada ranar biya ta zo kuɗi su maƙale.

Game da shigo da kuɗi: tsabar da ta haura dala 10,000 ko kwatankwacinta dole a bayyana ta ga Kwastam a wurin shigowa. Kuɗin da aka turo ta kamfanonin aika kuɗi na ƙasa da ƙasa, tun 2024 da naira ake biyan su. Idan kana son riƙe dala ko fam har lokacin da za ka biya, asusun kuɗin waje za ka buɗe. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba.

Tun da BVN ya daidaita, ka nemi rahotonka daga ɗaya daga cikin hukumomin nan uku, doka ta ba ka guda kyauta a shekara. Galibi fanko za ka gani, kuma ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne kada a ce wani tsohon rance, ko bashin da wanda ya gaji layinka ya ci, yana rataye da sunanka.

Mataki na uku: wanda zai tsaya maka

Wannan shi ne ainihin makin bashinka a Gombe. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ya dace shi ne mazaunin garin, mai adireshi tabbatacce da sana'a ko aikin da aka san shi da shi: ma'aikacin gwamnati mai ɗan girma, malami a Jami'ar Jihar Gombe, likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ɗan kasuwa mai shago sananne, ko dattijon da liman da mai unguwa suka sani. Babban mutum da ke zaune a Abuja, wanda ba ya ɗaga waya, bai kai kawunka malamin firamare da ake gani a masallaci kullum amfani ba.

Tsayawa iri biyu ce, kuma a nan ake samun ɓacin rai tsakanin 'yan'uwa. Akwai shaidar hali, wato mutum ya ce na san shi, ɗan gidan mutunci ne. Akwai kuma lamuni, wato ya sa hannu cewa idan ka gaza biya ko ka yi ɓarna shi zai biya. Fom ɗin da lauyoyi ke bayarwa yawanci na biyun ne. Ka karanta wa wanda zai sa hannu, ka gaya masa ƙarara: "Kawu, wannan takarda cewa take idan na kasa biya kai za a nema." A rubuta iyakar lamunin, misali hayar shekara ɗaya, kuma ya ƙare da ƙarewar yarjejeniyar, kada ya riƙa sabunta kansa ba da saninsa ba. Za a nemi hotonsa da kwafin katin shaidarsa.

Ranar ganin mai gida ku tafi tare, ka bar shi ya fara magana. A gaisa a tsanake, a tambayi iyali, sannan ya ce, "Alhaji, ga ɗanmu, ya dawo daga karatu, muna nema masa wurin zama." Wannan jimla ɗaya tana yin abin da takardu goma ba za su yi ba.

Za a tambaye ka ko kana da iyali. Masu gida da yawa ba sa son ba wa marar aure gida a cikin gidan da matan aure suke, mace mai zaman kanta kuwa ta fi shan tambaya, har a ce ta zo da mahaifi ko yaya ko wani waliyyinta. Wanda ya saba da dokokin hana wariya na wata ƙasa abin zai yi masa zafi. Gardama a zauren mai gida ba ta buɗe ƙofa. Abin da ke aiki shi ne zuwa da babba, da takardar wurin aiki, da karkata nema zuwa gidaje masu ƙofar kansu a unguwannin ma'aikata. Kada ka yi ƙaryar aure, makwabta za su gano cikin mako guda.

Idan ba ka fara aiki ba, ka faɗi gaskiya a taƙaice: ga abin da na karanta, ga inda nake jira, ga kuɗin shekara a hannu. Mai hidimar ƙasa ya nuna takardar turawa ta NYSC. Mai yi wa kamfanin waje aiki ta intanet ya yi bayani da kyau, ya nuna takardar aikin, domin saurayi mai kuɗi da kwamfuta wanda ba ya fita da safe yana jawo zargi.

Mataki na huɗu: dillali da farashi

Da dillali ya ji daga waje kake, farashi ya tashi. Ka bar ɗan'uwa ko aboki ɗan gari ya fara tambayar kuɗin gidan kafin ka bayyana, ka kuma tambayi masu haya a layin nawa suke biya. Labarin ƙasar da ka fito mai gida za ka ba, bayan an tsayar da farashi.

Abin da za ka biya ya wuce kuɗin haya. A al'ada ana biyan shekara guda gaba ɗaya. La'adar dillali ta saba zama kashi 10 cikin 100. Idan lauya ne ya rubuta yarjejeniya, shi ma yana da nasa, sau da yawa tsakanin kashi 5 zuwa 10. Wasu gidajen suna karɓar kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake mayarwa idan ka fita lafiya. A ce hayar naira 800,000 ce: la'ada 80,000, lauya 80,000 idan kashi 10 ne, ajiya a ce 50,000, ka ga an haura miliyan ɗaya kafin ka sayi labule. Don haka tambayarka ta farko ga dillali ita ce, "Malam, gaba ɗaya nawa zan fitar kafin a ba ni makulli?" Idan dillalai uku ne suka haɗu a kan gida ɗaya, la'ada ɗaya ce su raba, a faɗi wannan tun kafin a hau mashin.

Za a iya cewa tun da ba a san ka ba, ka biya shekara biyu. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta Legas ce, kada ka dogara da ita a nan. A ganinmu kada ka yarda a shekarar farko. Ba ka san ruwan unguwar ba, ba ka san wutarta ba, ba ka san inda aiki zai kai ka ba, kuma kuɗin da suka shiga hannun mai gida da wuya su dawo. Ka miƙa wani abu a madadinsa: mai lamuni na biyu, ko ƙarin kuɗin ajiya da aka rubuta. Idan dole sai shekara biyun, ka nemi ragi, a kuma rubuta yadda za a mayar maka da ragowar idan ka tashi da wuri.

Mataki na biyar: tabbatar da mai gidan

Kai ma kana da haƙƙin bincike. Ka ga mai gidan ido da ido. Idan wakili ne, ya nuna takardar wakilci, ka kuma yi magana da mai gidan ta waya a gabansa. Ka gaida mai unguwa ko jauro, ka tambayi mai shagon bakin layi gidan wane ne da dalilin tashin wanda ya fita. Gidan gado shi ya fi kawo rigima: ɗaya daga cikin magada ya karɓi kuɗinka, bayan wata biyu sauran su zo da maganar rabo ko sayarwa. A irin wannan gida ka nemi sa hannun wanda magada suka wakilta, da shaidu daga cikinsu. Idan gida ne mai tsada ko haya mai tsawo, lauyanka zai iya bincika takardun filin a GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar.

Alamar damfara da ta fi yawa ita ce gaggawa: wani ya kusa biya, kawo kafin alƙalami yanzu. Gida ɗaya akan karɓar wa mutum uku kuɗi ta haka.

Mataki na shida: duba gidan

Ruwa ne farko. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, amma ba kowace unguwa yake kaiwa daidai ba, musamman sababbin unguwannin bayan gari. Ka buɗe famfo da hannunka. Idan bohol ne, wa ke biyan wutar tura ruwa, wa ke gyara injin idan ya ƙone, kuma yana kaiwa watan Maris da Afrilu ko yana ƙafewa? Idan 'yan garuwa ko tanka ake dogaro da su, ka tambayi makwabta kuɗin kura ɗaya, ka lissafa na wata, ka ɗora a kan haya. Wani gidan mai araha a nan yake cinye arahar.

Sai ƙasa. Gombe tana cikin kwari, ƙasarta mai yashi ce, zaizaya kuma tsohuwar matsala ce a garin. Idan da rani kake nema, ka nemi sawun damina: layin danshi a gindin bango, fentin da ya kumbura, tsagewar da ta taso daga tushe ta yi sama a karkace, tabon ruwa a silin, buhunan yashi a bakin ƙofofin makwabta. Ka zaga bayan gidan ka ga nisansa da kwari. Ka tambayi mai Keke Napep ko yana shiga layin a watan Agusta.

Wuta daga kamfanin JED na Jos take, wanda ke raba wa Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai. Ka tambayi rukunin layin wutar unguwar: rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana kuma shi ne mafi tsada tun ƙarin Afrilun 2024, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ka fi son mita mai kati wadda taka ce kai kaɗai. Ka ɗauki lambarta, a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, domin idan akwai, duk sanda ka sayi kati za a riƙa zaftare wani kaso. Hanya mai sauƙi ita ce ka sayi katin kuɗi kaɗan ka ga abin da ya fito a rasit. Idan mita ɗaya ce ga gida huɗu, a rubuta yadda ake rabo, in ba haka ba ranar da ka kunna na'urar sanyaya ɗaki za a fara taro a kanka.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Kayan Ingila suna aiki kai tsaye, har bakin soket ɗin iri ɗaya ne. Kayan Amurka da Kanada na bolt 120 za su ƙone idan babu na'urar rage ƙarfi. Firji da talabijin kuwa a sa musu sitabilaiza, ko daga ina suka zo. Idan za ka ɗora sola a rufi, ka nemi izini a rubuce, tare da cewa naka ne za ka cire ranar tashi.

Sauran dubawa ba su da wuya: ka zuba bokitin ruwa a bayi ka ga yadda yake wucewa, ka tambayi yaushe aka kwashe sokawe, ka gwada kowane soket da cajar waya, ka duba ragar sauro, ka ga ko layinka yana kamawa a cikin ɗaki. Ka koma sau ɗaya bayan isha'i, unguwa da dare daban take.

Mataki na bakwai: yarjejeniya da biya

Ko mai gida ya ce "ai mun zama ɗaya, ba sai an rubuta ba", ka roƙa cikin ladabi: "Baba, saboda halin rai ne." Ba wanda zai ƙi wannan. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan kowa, da adireshin gidan da ɓangaren da ka kama, da kuɗin, da ranar farawa da ƙarewa. A fayyace da wace kalanda ake lissafi, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Ranar farawa ta zama ranar da aka miƙa makulli, ba ranar da ka biya ba, musamman idan akwai gyaran da ba a gama ba.

Gyara shi ne inda kuɗin masu dawowa ke nutsewa. Mutum ya sa tayil, ya canza wayarin, ya yi fenti, shekara ta zagayo a ƙara masa haya saboda gidan ya yi kyau. Duk gyaran da za ka yi da kuɗinka, a rubuta adadinsa da cewa za a cire daga haya. Rufi, da tushe, da sokawe, da bohol na mai gida ne. Ƙwan fitila, da kan famfo, da makulli naka ne.

A rubuta wa'adin notis. Idan ba a rubuta komai ba, abin da kotuna suka saba bi shi ne wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan notis na kwana bakwai kafin a kai ƙara. Amma abin da kuka sa wa hannu shi ke gaba, don haka idan takardar ta ce wata ɗaya, wata ɗaya ne. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko rufi ko fitar da kayanka ba tare da umarnin kotu ba. A ƙara da sharaɗin cewa za a sanar da kai ƙarin haya aƙalla wata uku kafin shekara ta cika, da ranar da za a mayar da kuɗin ajiya.

Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan da ke cikin yarjejeniya, ka rubuta a wurin bayani cewa hayar gida kaza ce daga wata kaza zuwa wata kaza. La'ada a tura ta daban. Ka karɓi rasit mai sa hannu, shaidu biyu su sa hannu a yarjejeniya, kowa ya riƙe kwafi, ka kuma tambayi lauya ko sai an biya mata harajin hatimi a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Rasit ɗin yana da wani amfani: dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin 100 na hayarsa ta shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake lissafa masa haraji a kai, kuma sai da shaidar biya.

Ranar karɓar makulli, kafin kaya su shiga, ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki da abin da mita ta nuna, ka tura wa mai gida ko wakilinsa ta WhatsApp domin ranar ta zauna. Ka canza makullan ƙofar waje. Ka je ka gaida mai unguwa tare da wanda ya tsaya maka, ka tambayi kuɗin 'yan sintiri da na kwasar shara. Daga nan ka kai yarjejeniyar banki a sauya adireshinka, ka riƙa sayen katin wuta daga asusunka, ka kuma ware kashi ɗaya cikin goma sha biyu na hayar kowane wata a wani asusu dabam, ka ɗora wani abu a kai saboda ƙarin da zai iya zuwa a shekara ta biyu.